Bayan Yankan Karan Fure: Yadda Ake Rainon Okid Har Ta Sake Yin Fure

Furen okid yana cikin furannin da suka fi daɗewa a kan kara. Irin da aka fi sayarwa a tukunya, wanda masana tsirrai ke kira Phalaenopsis, yakan yi wata biyu zuwa uku a buɗe, wani lokaci ma fiye. Amma komai daɗewarsa, ranar zubewa tana nan tafe. Furannin su riƙa yaushi ɗaya bayan ɗaya, daga na ƙasa zuwa na sama, har a wayi gari ba abin da ya rage sai tsuran kara da ganye huɗu ko biyar. A nan ne mutane da yawa ke yanke hukuncin cewa shukar ta mutu, su jefa ta a shara. Waɗanda suka san da ranta kuwa sukan datse karan, su shiga ɗura mata ruwa da taki don sabon fure ya yi saurin fitowa, har kulawar da ta wuce kima ta kashe ta.

Duka ɓangarorin biyu abu ɗaya suka rasa, wato sanin aikin da shukar ke yi a wannan lokaci. Watannin da ke biyo bayan yankan kara na ganye ne da saiwa. Da su take tara ƙarfin da za ta fitar da kara na gaba, sannan sanyi ya zo ya tayar da shi. Duk wata shawara kan ruwa, taki, haske da tukunya daga wannan tushe take fitowa.

Inda ta fito

Dangin okid suna da nau'i wajen 28,000 a duniya, har da tsiron da ake samun banila daga gare shi. Ita Phalaenopsis 'yar dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ce: Indonesiya, Malesiya, Filifins, Taiwan, har zuwa arewacin Ostareliya. Masanin tsirrai Carl Ludwig Blume ne ya raɗa mata wannan suna a 1825. A yau manoman Taiwan da na Holand ne kan gaba wajen rainonta a gidajen gilashi suna rarraba wa duniya, kuma kafin shuka ɗaya ta isa kanti da furenta, an yi shekara biyu ko fiye ana ɗawainiya da ita.

A dajinta ba ta san ƙasa ba. A jikin bishiya take maƙalewa, ƙarƙashin inuwar rassa. Sai dai ba kamar kauci ba, ba ta tsotsar komai daga jikin bishiyar, wurin zama kawai take ara. Saiwoyinta masu kauri a fili suke, ruwan sama ya jiƙa su, iska ta busar da su cikin 'yan sa'o'i. Ganyenta kuma a karkace yake rataye, ruwa ba ya samun wurin kwanciya a tsakiyarsa. Mu ne muka ɗauke ta muka tsayar da ita cak a tukunya, muka rufe saiwarta. Yawancin cututtukan da ke kama ta a gida daga wannan sauyin suke tasowa.

A ina aka yanka?

Kulawar da za a yi ta danganta da inda wuƙa ta bi. Idan aka duba karan da kyau, za a ga gaɓoɓi a jikinsa, kowace gaɓa da ɗan ɓawo mai kusurwa uku da ya rufe wani ido da ke barci. Masu kiwon okid sun daɗe suna da ra'ayi biyu a kan waɗannan idanu.

Na farko suka ce in karan yana kore shar, a yanka shi kimanin santimita ɗaya zuwa biyu sama da wata gaɓa mai lafiya, ƙasa da inda furen farko ya fito. Sau da yawa idon yakan farka ya fitar da reshe, a samu fure cikin wata biyu zuwa uku. Hujjarsu ita ce ribar tana zuwa da wuri. Sai dai furannin zagaye na biyu sukan fi na farko ƙanƙanta da ƙarancin yawa, kuma ba kowane ido ke farkawa ba.

Na biyu suka ce a yanke shi daga tushe, a bar ɗan guntu kamar santimita biyu. Ta haka shukar za ta daina ciyar da kara, ta mai da hankali kan sabon ganye da sabuwar saiwa. Jiran ya fi tsawo, yakan kai wata shida zuwa shekara, amma karan da zai fito ya fi kauri, furen ya fi yawa.

Abin da zai raba gardamar shi ne halin da shukar take ciki. Mai ganye biyar ko shida masu tauri da saiwoyi cike da tukunya za ta iya ɗaukar zagaye na biyu ba tare da ta jigata ba. Ƙaramar shuka, ko wadda ganyenta ya yi laushi ya tattare, ko wadda aka sayo ba a san halin saiwarta ba, hutu take buƙata. Ita shukar da ta gama fure tamkar maijego ce: sai ta murmure kafin a sa ran wata haihuwar. Ga wanda ke zaune a ƙasa mai zafi da bushewar iska, inda shukar ke fama da yanayi tun farko, yankan tushe ya fi zama alheri. Idan kuwa karan ya riga ya zama rawaya ko ruwan ƙasa, ba sauran muhawara, shukar da kanta ta janye abin da ke cikinsa, sai a cire shi daga tushe.

Wuƙa da rauni

Akwai ƙwayoyin cuta na bairos guda biyu da suka addabi okid a ko'ina cikin duniya. Suna sa ganye ya yi dabbare-dabbare, fure ya fito da tabo, kuma ba su da magani. Hanyar da suka fi bi daga wannan shuka zuwa waccan ita ce bakin almakashi, ta ruwan jikin da ke manne masa. Shi ya sa ƙwararru ke amfani da sabuwar reza ga kowace shuka, ko su gasa bakin almakashin a wuta ya huce kafin su matsa kan ta gaba. Goge shi da tsumma bai wadatar ba.

Bayan yanka, a bar bakin raunin ya bushe, kada ruwa ya taɓa shi na kwana ɗaya ko biyu. Masu kiwo da dama sukan ɗan shafa garin kirfa a wurin, domin yana busar da rauni. A kiyaye kada garin ya zuba kan saiwa, don ita ma busar da ita zai yi. Guntun da aka bari zai bushe ya zama kamar tsinke, wannan ba abin damuwa ba ne. Abin da za a sa wa ido shi ne laushi ko baƙi mai ruwa-ruwa da ke gangarowa wajen gindin ganye, wanda ke nuna ruɓa ta shiga.

Saiwa ita ke faɗin lokacin ban ruwa

Ba a shayar da okid da kalanda. Saiwarta tana da wani farin rufi mai shan ruwa kamar soso. Idan ta bushe, launinta azurfa-azurfa ne. Da an zuba ruwa, kafin a ƙirga goma sai a ga ta rikiɗe ta koma kore, tana sheƙi, a cike ɓul-ɓul. Wannan ne dalilin da ya sa ake sayar da ita a tukunyar roba mai nuna ciki: don mai ita ya riƙa leƙawa. Muddin saiwoyin cikin tukunya suna kore, ko akwai raɓa a jikin robar, a ƙyale ta. In sun koma azurfa kuma tukunyar ta yi sakayau a hannu, lokaci ya yi.

In za a ba ta, a ba ta sosai: a kwarara ruwa ya ratsa ya fita ta ƙasa, ko a tsoma tukunyar cikin kwano na minti goma zuwa goma sha biyar, a ɗaga ta tsane tsaf. Kada a bar ta zaune cikin ruwa a cikin tukunyar ado marar huda. Da safe ake yi, kuma duk ɗigon da ya faɗa tsakiyar ganye, inda sabon ganye ke ɓullowa, a tsane shi da kusurwar tsumma ko takarda mai laushi. Phalaenopsis ta wannan wuri ɗaya take girma. In ya ruɓe, da wuya ta tashi.

Wani abu da ke ruɗar mutane shi ne, shukar da ruwa ya yi wa yawa da wadda ƙishirwa ta dama kamanninsu ɗaya: ganye ya yi laushi ya yanƙwane. Wadda saiwarta ta ruɓe ba ta da abin shan ruwa, don haka ƙishirwa take ji ko da tana tsamo-tsamo. Mai ita ya ga yaushi ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. Kafin a ƙara ko ɗigo, a duba saiwa tukuna.

Irin ruwan ma abin lura ne. Ruwan sama ya fi kowanne. Ruwan rijiya ko na burtsatse a wasu wurare yana ɗauke da gishirin ƙasa mai yawa, wanda ke taruwa ya bar farin tabo a bakin tukunya, ya ƙona bakin saiwa. Wanda ya ga haka, ya tari ruwan damina ya adana.

Sauya mata mazauni

Bayan zubar fure shi ne lokacin da ya fi dacewa a fito da shukar daga tukunya a duba ta, musamman in sababbin saiwoyi masu koren baki sun fara leƙowa. Ɓawon itacen da ake dasa ta a ciki yakan ruɓe cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ya dunƙule ya toshe iska. Bugu da ƙari, yawancin waɗanda ake sayowa suna da wani curin gansakuka ko soso a can ƙarƙashin gindi, wanda aka raine su a ciki tun suna ƙanana. Saman tukunya zai bushe, curin nan yana nan jiƙe. A ɓare shi a hankali da yatsa.

Saiwa mai rai tauri gare ta, ko kore ce, ko fara, ko rawaya-rawaya saboda rashin ganin haske. Matacciya kuwa in aka matsa ta sai ta lotse, ɓawonta ya zame ya bar wani siririn zare. Ita kaɗai za a yanke. Sannan a mayar da shukar cikin tukunya mai huji da yawa, daidai girman saiwarta, don babbar tukunya tana riƙe ruwa fiye da kima. Inda ba a samun ɓawon da ake sayarwa musamman don okid, gutsattsarin ɓawon kwakwa da gawayin itace suna aiki, kamar yadda manoman okid na Asiya ke yi. Sharaɗin shi ne a jiƙa ɓawon kwakwar kwanaki ana sauya ruwa, gishirinsa ya fita. Ƙasar lambu ko takin dabbobi kuwa, ko kusa. Saiwoyin da suka fito waje suna lilo a iska a bar su yadda suke, halittarta ke nan.

Haske da taki

Shukar da ba ta samun isasshen haske za ta rayu shekara da shekaru ba ta yi fure ba. Tana son haske mai yawa wanda ba rana tsaka ba: kusa da taga mai kallon gabas, ko bayan labule mai shara-shara, ko baranda mai inuwa. Ganye shi ke ba da labari. Kore mai duhu sosai alamar ƙarancin haske ne. Kore mai ɗan haske shi ake so. Farin tabo da ke komawa baƙi ƙunar rana ce, kuma ranar bazara ta Kano ko Damagaram tana iya yin wannan ɓarna cikin wuni guda. In aka taɓa ganye aka ji shi da zafi, a janye tukunyar.

Game da taki, kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi mai yawa lokaci guda. A samu takin da ke narkewa a ruwa, mai daidaiton sinadarai irin 20-20-20, a dama kwata ko rabin abin da aka rubuta a jikin kwalin, a riƙa ba ta bayan mako ɗaya ko biyu muddin tana fitar da ganye ko saiwa. A fara jiƙa saiwar da ruwa zalla kafin a zuba na taki. Sau ɗaya a wata a wanke tukunyar da ruwa mai yawa don gishirin taki ya fita. Ƙwayoyin takin zamani na gona ba a barbaɗa su a gindin okid, ƙona saiwa suke yi. Shukar da aka sauya wa tukunya kuma a ɗaga mata ƙafa na 'yan makonni.

Alamar cewa rainon yana tafiya daidai ita ce sabon ganye ɗaya ko biyu a shekara, kowanne ya kai girman wanda ya gabace shi ko ya fi. In ganyen can ƙasa ya yi rawaya ya faɗi shi kaɗai, tsufa ne. In na sama ne, ko biyu uku lokaci guda, a koma a binciki saiwa.

Sanyi shi ne mabuɗi

A nan ne mai kiwon okid a ƙasar Hausa ya kamata ya fi natsuwa, domin shawarar da aka rubuta don gidajen Turai ba ta cika yi masa daidai ba. Phalaenopsis tana girma da kyau a zafi, amma zafi yana hana ta fure. Manoman kasuwa sun san haka, har da shi suke juya ta: sukan riƙe ta a digiri 28 ko sama don ta yi ta ganye, in suna son kara kuma su sauko da ita ƙasa da digiri 25 na makonni huɗu zuwa shida.

An daɗe ana cewa sanyin dare ne ke tayar da karan. A 2006, Matthew Blanchard da Erik Runkle na Jami'ar Jihar Mishigan a Amurka suka wallafa binciken da ya nuna zafin rana ne ya fi yanke hukunci. Shuke-shuken da suka ajiye a digiri 29 da rana ba su yi kara ba cikin makonni 20, ko da dare ya sauka zuwa digiri 17. Waɗanda zafin ranarsu bai wuce digiri 23 ba kuwa yawancinsu sun yi.

Ma'anar wannan a wurinmu a bayyane take. Mazaunin Jos, mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, ko na tsaunin Mambila, yanayi yana taya shi aiki. Mazaunin Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Yamai kuwa damarsa tana cikin hunturu, Disamba da Janairu, kuma ko a lokacin sai ya nemi ɗakin da ya fi kowanne sanyi da rana, mai haske, ko wanda na'urar sanyaya ɗaki ke aiki da rana, ba tare da iskarta ta bugi shukar kai-tsaye ba. Wanda okid ɗinsa ke ta ganye mai kyau shekara biyu ba fure, kafin ya zargi taki, ya auna zafin ɗakin da azahar.

Hunturu kuma da nasa sharrin. Shukar tana son laimar iska ta kai kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari, iskar hunturu kuwa takan faɗo ƙasa da kashi 20. A tara tukwane wuri ɗaya, a ɗora su kan faranti mai tsakuwa da ruwa yadda gindin tukunya ba zai taɓa ruwan ba, a riƙa goge ƙura daga ganye da jiƙaƙƙen tsumma. A duba bayan ganye da lungunansa, don bushewar iska tana kawo wasu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo, ga kuma wasu fararen ƙwari masu kama da auduga. Auduga da aka tsoma a sifirit tana cire su in an gan su da wuri.

In sabon abu ya leƙo

Sabon kara yakan fito daga tsakanin ganyaye, galibi ƙarƙashin ganye na uku ko na huɗu in an ƙirgo daga sama. Da farko yana kama da saiwa. Bambancin yana baki: na saiwa a mulmule yake, yana sheƙi, jikinta na komawa azurfa, na kara a ɗan baje yake, da 'yar tsaga, kore ne gaba ɗaya, kuma sama yake nufa wajen haske. Daga fitowarsa zuwa buɗewar fure a ba shi kimanin wata uku. In ya kai tsawon taƙi a kafa masa tsinke a ɗaure sako-sako. Da ƙullutun fure sun bayyana, a daina juya tukunyar, kuma a nisanta ta da hayaƙin girki, na janareta da na turaren wuta, da kwandon ayaba ko mangwaro masu nuna. Dukansu suna fitar da iskar etilin, wadda ke sa ƙullutun su zube tun ba su buɗe ba.

Wani lokaci idon gaɓa, maimakon reshe, sai ya fitar da jaririyar shuka mai ganye. A bar ta a jikin uwar har ta yi ganye biyu ko uku da saiwoyi masu tsawon santimita biyar ko fiye, sannan a yanko ta a dasa. Wanda ya sayi shuɗiyar okid kuma kada ya yi mamaki in sabon furen ya fito fari: rini aka yi wa karan na farko.

Ba duka okid ne ɗaya ba

Hukuncin gaɓa na Phalaenopsis ne. Karan Cattleya, Oncidium da Vanda ba ya sake fure, daga tushe ake cire shi. Dendrobium, wadda Tailan ta yi suna wajen fitar da furenta, siririn karan furen kaɗai ake yankewa. Sandunan nan masu kauri da ganye ke jikinsu rumbunta ne na ruwa da abinci, ba a taɓa su ko da ganyensu ya zube, sai in sun bushe ƙayau. A cikin Phalaenopsis ɗin ma akwai irin su violacea da bellina, da ke maimaita fure a kara ɗaya shekaru, waɗanda ba a yanke musu koren kara.

Wannan bambanci yana da amfani ga mai zaɓen abin da zai raina. Dendrobium irin ta Tailan da Vanda sun fi jure zafi da hasken rana, ba sa jiran sanyi irin wanda Phalaenopsis ke jira, don haka sun fi dacewa da garuruwa masu zafi in an wadata su da laima. Afirka ma tana da nata, irin su Ansellia africana mai fure rawaya da ɗigon ruwan ƙasa, wadda ke hawa bishiyoyi a ƙasashe da dama har da Najeriya. Sai dai cirowa daga daji yana ƙarar da su, ya fi kyau a nemi waɗanda aka raina a lambu.

Shukar da aka yi shekaru ana raino kafin ta zo hannunmu, kuma take iya rayuwa shekara goma ko fiye tana fure duk shekara, bai kamata a yi mata hukunci da zagaye ɗaya ba. Wanda ya yanke kara yau, ya daina neman fure na wata shida. Ya riƙa ƙirga ganye, yana leƙa saiwa, ya kuma tanadi wuri mai sanyi kafin Disamba ta kama.